Zauren Goggo: Yaron da ba a dukansa, ba a kuma kallonsa

Saƙonni huɗu na ɗauko wannan makon. Ba tare suka zo ba, masu su ma ba su san juna ba, amma da na jera su sai na ga ashe ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa. Kamar kullum, na cire sunaye.

Assalamu alaikum Goggo, da fatan kina lafiya ke da iyali. Ni matar aure ce, muna gidan haya a Yelwa, nan Bauchi, ɗaki shida, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. A ɗakin da ke kallon nawa akwai wani yaro, ba zai wuce shekara biyar ba. An saki uwarsa tun yana goye, da aka yaye shi uban ya karɓo shi, yanzu yana hannun matar uba. Goggo, tsakani da Allah ban taɓa ganin ta ɗaga masa hannu ba, ko tsawa ba ta yi masa, kuma in an sauke abinci ana zuba masa. Sai dai riga ɗaya takan yi sati a jikinsa, kansa duk makero, ga gyambo a ƙafa tun kafin azumi har yau ko kemis ba a kai shi ba. 'Ya'yanta biyu suna zuwa boko da Islamiyya, shi yana gida. A bakin ƙofa yake yini, ba wasa, ba kuka, in ka yi masa magana sai ya sunkuyar da kai. Na yi wa maigidana zancen, ya ce ba ruwana, tunda ba a dukansa ba a hana shi abinci, mene ne abin ƙorafi? Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Wannan cutarwa ce, ko ni ce mai neman magana? Kuma yaya zan yi ba tare da na ta da husuma a gidan haya ba?
Maƙwabciya, Yelwa

Wa alaikumus salam, 'yata. Ba neman magana kike yi ba. Abin da idonki ya gani yana da suna, sakaci ake ce masa, kuma cutarwa ce kamar duka, illa dai ba ta barin shatin bulalar da za a nuna wa mai unguwa.

Kada ki ga baƙin maigidanki sosai, ma'aunin da ya ɗauko shi ne na yawancinmu. An dake shi? A'a. An hana shi tuwo? A'a. To a rufe magana. Mun iya gane abin da aka yi wa yaro, amma abin da aka ƙi yi masa ba ya shiga lissafinmu. Na yi shekara talatin da ɗoriya a ɗakin awon yara, tun daga wani ƙaramin asibiti a ƙasar Ningi har na dawo cikin gari na ajiye aiki, kuma yaran da aka kawo mini da tabon duka ba su kama ƙafar waɗanda aka kawo don an bar su kawai ba.

Kafin a ɗora wa kowa laifi sai an raba sakaci da babu, domin daga nesa kamarsu ɗaya. Ni in zan raba, sauran mutanen gidan nake kallo. Gidan da babu ta yi wa katutu kowa ne ke ramewa, uwar ma ta fi kowa, don ita ce ke cewa ta ƙoshi alhali ko loma ba ta kai ba. Rigar yaro ta kece amma an ɗinke, ta koɗe amma an wanke. Irin wannan gida hannu yake so a miƙa masa, zargi kuwa ƙarin kaya ne. Ke kuma kin ce yara biyu suna fita da yunifom da safe, da yamma su ɗauki jakar Islamiyya, na ukun yana bakin ƙofa. Ai ba a kansa ruwan wankan ya ƙare ba. Sannan ina kallon daɗewa. Babu uwar da ba ta taɓa barin ɗanta da dauɗa ba ranar da aiki ya sha kanta. Amma gyambon da ya ga azumi, ya ga ƙaramar salla, yana nan, ya wuce mantuwar rana ɗaya.

Kin ce ana zuba masa abinci. Ana zubawa, amma wa ke tsayawa ya ga ya ci? Na sha karɓar yaro ɗan shekara uku da tamowa daga gidan da ake sauke tukunya sau uku a rana. Kwano ɗaya ake haɗa shi da yayyensa, tuwo da zafinsa, su hannunsu ya saba, kafin ya huce masa sun suɗe. Loma biyu ya samu, a lissafin gida kuwa ya ci. A asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ku akwai wani ɗan tef mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya lau, rawaya a tashi tsaye, in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani. Ke ma akwai gwajin da za ki yi da babban yatsanki kina yi masa wasa: danna saman ƙafafunsa biyu, ki ƙirga uku a hankali, ki ɗaga. In rami ya zauna, kumburi ne, kada kowa ya ce miki ƙiba ce, kuma ranar za a kai shi asibiti.

Makeron kai ba ya jin man shafawa shi kaɗai, sai an haɗa da na sha na wasu makonni, kuma don Allah kada ki bari wani ya ce a goga masa man birki, fatar zai ƙona. Gyambon yana son wanki da ɗauri a wurin ma'aikacin lafiya. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne katin rigakafinsa. In aure ya mutu a ƙasar nan ana lissafin kwanuka, ana jayayya a kan katifa, katin allurar yaro kuwa ba mai tambayarsa. Ya tafi a ƙasan akwatin uwa, ko an ƙunshe ƙosai da shi. Matar da ke tsakiyar saki da komawa gidan iyaye, sau da yawa allurar ƙyanda ta wata 9 wuce ta take yi, balle ta wata 15. Kin dai tuna mashaƙon da ta ɓarke a 2023, Kano da Yobe har da nan Bauchi. Akasarin yaran da ta kwantar ba su kammala rigakafi ba.

Zancen makaranta ba zan ja shi ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, ta kuma ɗora wa iyaye ko mai riƙo nauyin kai yaro. Baɗi zai isa shiga aji ɗaya, ki zuba ido.

Yanzu ga inda na daɗe ina maimaitawa a saƙonki: ba wasa, ba kuka. Mu a wurinmu wannan yabo ne. Sai ki ji ana cewa yaron nan Allah ya yi masa haƙuri, ba shi da rigima ko kaɗan. Ni kuwa in na ga ɗan shekara biyar da gyambo a ƙafa ba ya kuka, gabana faɗuwa yake yi. Yaro yana kuka ne don ya saba in ya yi wani zai zo. In ya yi yau ba kowa, gobe ba kowa, jibi haka, sai ya bari, tunda ya gane kiran ba ya zuwa ko'ina. A wani kwas da aka tura mu an nuna mana hotunan gidajen marayu na ƙasar Romaniya, waɗanda duniya ta leƙa bayan faɗuwar gwamnatin kwaminisanci a ƙarshen 1989. Dubban yara ne jere a gadaje, ana ba su abin sha, amma ba mai ɗauka, ba mai yi musu wasa, ba mai kallon ƙwayar idonsu. Waɗanda suka shiga sun ce abin da ya fi razana su shi ne shirun ɗakunan. Da masana suka bi rayuwar wasu daga cikin yaran shekara da shekaru, sai aka ga girman jikinsu da bakinsu da kaifin basirarsu duk sun ci baya, kuma waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara biyu sun fi farfaɗowa. Ashe ɗauka da kira da tsokana, waɗanda muke gani kamar wasa, su ma abinci ne.

Ba kullum da shiru yake bayyana ba. Wani yaron akasin haka ne, duk baƙon da ya shigo sai ya maƙale masa, in baƙon zai tafi ya bi shi har titi ko waiwaye babu. Mutane su ce ba shi da ƙyuya, alhali bai san wane ne nasa ba. Wani ɓoye abinci yake yi a aljihu ko ƙarƙashin tabarma. Wani zama yake yana rangaji gaba da baya shi kaɗai. Wani kuma shekara uku ta cika, baki bai buɗe ba. Ɗaya daga cikin waɗannan ba ta isa a yanke hukunci ba, amma in biyu uku suka taru a jikin yaron da rigarsa ke sati, an daina shakka.

Sai dai a duba kunnensa tukuna, don wani shirun na rashin ji ne. Kuma tunda na kawo nan, bari in faɗi nawa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu a zamaninmu ba ka kiran sunan ɗan fari, ba ka ɗaukarsa a gaban surukai, ba ka nuna ka damu da shi. Kara ce, kuma ban ce a zubar da ita ba. Amma ni sai na haɗa kara da aikin dare. Ɗana na fari a ɗakin kakarsa ya tashi. Kunnensa na hagu yana zubar da ruwa, ya tsaya, ya dawo, ina ganin tabon a jikin matashin kai in na dawo da safe idona kamar an zuba yashi, in ce zan duba in na tashi barci. Ba na son kuma a ce na tsallake uwar miji na ɗauki ɗan fari zuwa asibiti kamar na raina kulawarta. Yana aji uku aka aiko mini wai daƙiƙi ne, in an kira shi ba ya amsawa, har an fara zane shi a kan haka. Da na kai shi wurin likitan kunne, dodon kunnen ya riga ya huje, jin ya ragu. Ni ɗin nan da nake tsayawa gaban mata kowace ranar awo ina ja musu kunne a kan ruwan kunne. Yau magidanci ne da 'ya'yansa. In za ka yi masa magana sai ya juyo maka da dama. Bai taɓa yi mini gori ba, ni ce dai nake gani duk sanda ya juyo.

Na faɗa miki wannan ne don kada ki shiga ɗakin matar nan da fuskar alƙali. Sakaci ba sai mugu ba. Wata matar uban tsoro ne ke sa ta janye hannu, in ta ba shi magani ya yi amai a ce ta sa masa wani abu, in ta tsawata a ce ta tsane shi, sai ta zaɓi ta ƙyale. Wata kuma an kawo mata shi ne ba shawara, ba ƙarin cefane, haushin mijin take saukewa a inda ba zai rama ba. Ban wanke ta ba. Amma kowa a gidan yana kallon matar, ni kuma tambayata ita ce ina uban? Shi ya karɓo, shi Alƙur'ani ya ɗora wa ci da tufa a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, shi ne kuma yake tsallake yaron a bakin ƙofa safe da yamma. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, reno haƙƙin uwa ne, in ta yi wani auren ya koma wurin mahaifiyarta, uba kuma ya ci gaba da ciyarwa. Maza da yawa suna karɓe yaro ne don kada a ce su biya kuɗin ciyarwa, ko don su ƙuntata wa uwar, daga nan kuma su manta da abin da suka karɓo.

Abin yi, ki fara da abin da ba ya buƙatar izinin kowa. Ki kira shi da sunansa kullum, ki tambaye shi ya kwana, ko bai amsa ba. In kin tara naki wanka a bakin rijiya, ki ce da matar, Maman wane, ruwan nan ya yi yawa, turo mini shi in haɗa. Ranar da za ki asibiti ki ce ai hanya ɗaya ce, bari in tafi da shi a duba ƙafar nan. Ki bar mata ƙofar da za ta fita da mutuncinta, har ta iya cewa dama tana da niyya. Uban kuma aikin maigidanki ne, namiji da namiji, a hanyar dawowa daga masallaci, ba a majalisa ba. Ki gaya masa Goggo ta ce ɗa na kowa ne, kuma maganar minti biyu ba shiga sharo ba shanu ba ce. In wata ya wuce ba canji, a nemi liman ko mai unguwa, a kuma lalubo dangin uwar, mai yiwuwa ba su san halin da ake ciki ba. In duk an bi nan ba a dace ba, akwai sashen walwalar jama'a a sakatariyar ƙaramar hukuma, akwai ma'aikatar harkokin mata da yara ta jiha, akwai ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam. Tarayya ta yi dokar haƙƙin yara tun 2003, Bauchi ta yi tata a 2023, saboda haka kai rahoto ba tsegumi ba ne. Amma in kika ga kumburin da na faɗa, ko zazzaɓi da jan ƙafar yana hawa sama, ko ya daina ci, to ba sauran lallami. A ɗauke shi ranar, a yi faɗan daga baya.

Goggo, barka da aiki. Ni direban babbar mota ne, gidana yana Pantami a Gombe, ina lodin hatsi da dabbobi zuwa kudu, wani lokaci in yi sati uku ban kwana gida ba. Ban taɓa barin gidana ba buhun masara ba, kuɗin makaranta kafin a tambaya na biya, har waya na saya wa babban ɗana mai shekara 14. Watan jiya aka kama shi da ƙwaya a aljihu, ashe zango guda bai shiga aji ba, yana bin wasu yara da ake ce wa 'yan Kalare. Uwarsa ta dube ni ta ce ni na yi sakaci da shi. Wallahi maganar ta ƙona mini rai. Mutumin da yake kwana a titi saboda iyalinsa ne za a ce wa haka?
Direba, Pantami

Malam, Allah ya tsare hanya, ya shirya mana yaron. Na ji zafinka, kuma ba wanda zai raina kwanan titi. Amma kafin ka amsa wa uwargida, amsa mini waɗannan a zuciyarka. Wa ye malamin ajinsa? Faɗi sunan abokansa uku. A ina yake kwana, su wa ke kwana tare da shi? Yaushe rabonka da ka kira wayar da ka saya masa, shi kansa, ba don ka ce ya miƙa wa uwarsa ba?

Akwai wani rami a tsarin gidajenmu da yara maza ke faɗawa, mun saba da shi har ba ma ganinsa. Yaro in ya kai shekara goma ko sha biyu ya fi ƙarfin ɗakin uwa, sai a ce ya koma zaure ko shagon ƙofar gida. Uwa tana ciki, ba ta fita ta ga wanda ya shigo ƙarfe sha ɗaya na dare. Uba yana kasuwa, ko kamar kai yana hanyar Lakwaja. Ciki ya sallame shi, waje bai karɓe shi ba. Kwanonsa dai ana miƙowa, shi ya sa kowa ke ganin ana kula da shi. A irin wannan shagon ne 'yan daban Kalare ke ɗaukar sababbin yara a Gombe, mu ma nan Bauchi Sara-suka a nan suke samun nasu. Yaron da babu babban da ya san inda yake daga isha'i zuwa asuba, an yi sakaci da shi, ko da rumbun gidan ya cika ya tumbatsa. Kuma zango guda bai shiga aji ba, ba kai ba uwar ba wanda ya sani, wannan rabon laifin ku biyu ne, ita ma ta ɗauki nata.

Ka san labarin Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ga Annabi yana sumbatar jikansa Hasan ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Ba a tambaye shi ko yana ciyar da su ba.

Ba zan ce ka ajiye mota ba, da me za ku ci? Amma ka fitar da mutum ɗaya, ƙaninka ko kawunsa, ka ambaci sunansa a gaban yaron, ka ce in ba na nan wane ne ni. Ya dawo kwana inda ake jin motsinsa. Ka je makarantar da ƙafarka, ka karɓi lambar malamin ajin. In an yi hutu ka ɗauke shi tafiya ɗaya a gaban mota, kwana huɗu kuna kallon titi tare zai gaya maka abin da ba zai faɗa a tsakar gida ba. Duka a wannan gaɓar kora ce, za ka miƙa shi ne ga waɗanda ke jiransa. In ƙwayar ta riga ta kama jikinsa, in bai sha ba ya kasa barci ko ya riƙa rawar jiki, a kai shi asibiti, kuma hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi tana da masu ba da shawara ban da masu kamu.

Goggo, ina gaisuwa. 'Ya'yana bakwai, ina so in kai biyu gabas wurin malam, ɗaya shekara 7 ɗaya 9, kamar yadda aka kai ni. Ƙanwata ta ce wannan yar da yara ne. Neman Alƙur'ani ya zama laifi yanzu?
Manomi, Darazo

Neman Alƙur'ani bai zama laifi ba, ɗana, ba kuma zai zama ba. Ni tambayata wa zai ba su tuwon dare. Lokacin da aka kai ka, malam yana da gona, ɗalibai ba su da yawa, gari kuma ya san almajiransa gida-gida. Yau leƙa kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a Bauchi da hantsi ka ƙirga ƙananan da ke yawo da roba, ƙazuwa a tsakanin yatsu. Ka tuna 2020, lokacin korona, yadda gwamnonin arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. Har tarayya ta kafa hukuma sukutum a 2023 saboda almajirai da yaran da ba sa makaranta, amma hukuma ba ta lulluɓe yaro da bargo in hunturu ya sauko. Nauyin ci da magani da wurin kwana ba ya sauka daga kanka don ka miƙa wa malam allo da goro.

Ɗan shekara 7 ya zauna. Darazo ba ta rasa alaramma ba, ya yi karatu ya dawo ya kwana kusa da uwarsa. Babban ma da zan so haka, amma in ka nace, ka kai shi inda za ka iya zuwa ka dawo a yini ɗaya, da buhunsa, da kuɗin maganinsa a hannun malam. Kuma ziyararka ta farko ka yi ta da dare ba sanarwa, ka ga ƙasan da yake kwana a kai.

Goggo, ki rufa mini asiri. Ina sana'ar awara, mijina ɗan acaba ne, tun asuba yake fita. Sau biyu a sati nakan je kasuwa sayen waken suya da mai, sai in kulle yarana biyu a ɗaki, mai shekara 4 da mai wata 18, kamar awa biyu. Ƙaramin nakan ba shi ɗan maganin mura don ya yi barci. Ban taɓa samun matsala ba. Akwai laifi?
Mai awara, Tirwun

'Yata, asirinki a rufe yake, kuma na san ba gata ne ya sa ki haka ba. Amma daga yau a daina, duka biyun. Maganin mura mai sa barci ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, yana iya danne masa numfashi, ke kuma kina kasuwa. Ɗan shekara 4 ba mai reno ba ne, shi kansa reno yake nema. Ki tsaya a tsakiyar ɗakin naki ki durƙusa daidai tsayinsu ki duba: bokitin ruwa a bayan ƙofa, wanda ɗan wata 18 in ya kifa kai ciki ba ya iya ɗagowa, ba kuma za a ji ƙara ba, ashana a kan taga, fiya-fiya ko shinkafar ɓera a ƙarƙashin gado, kalanzir a gorar lemo, wanda a idon yaro ruwan sha ne. In wayar wuta ta yi tartsatsi sanda aka kawo wuta, kwaɗon da kika sa don ya tsare su shi zai hana maƙwabta shiga. Tunda na ambaci kalanzir, in tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, aman ne ke tura shi cikin huhu. A cire masa rigar da ya zuba a kai, a nufi asibiti.

Ƙaramin ki goya shi, kasuwa ba ta hana goyo. Babban kuma ki nemi mace ɗaya a gidanku ko maƙwabta wadda ita ma take da fita, ku yi karɓa-karɓa kamar adashi, ranar Litinin ki riƙe mata, ranar Alhamis ta riƙe miki. In ba a samu ba, ki ba mijinki kuɗin waken ya biyo da shi a kan mashin in zai dawo, ai kasuwar hanyarsa ce. Bayan sati biyu ki rubuto mini ki gaya mini da wa kuka haɗa.